Kwamfutar ofis ta ƙi karɓar kalmar sirri: kada ka yi gaggawar cire ta daga domen

Tambayar ta zo daga wani matashi da ke kula da kwamfutoci a reshen wani kamfani a Jos, hedikwatarsu kuma tana Abuja. Ya ce ranar Litinin da safe kwamfutar akantansu ta ƙi buɗewa, tana rubuta masa "The trust relationship between this workstation and the primary domain failed", alhali kalmar sirrin daidai take. Wasu kwamfutoci biyu kuma wani lokaci su shiga, wani lokaci su ce "There are currently no logon servers available". Ya ƙara da cewa makonni kaɗan da suka wuce ya kwafe faifan kwamfutar akantan gaba ɗaya zuwa wata sabuwa, ya ba wa mai kula da sito tsohuwar, sannan ya sa 8.8.8.8 a matsayin DNS, wato mai fassara sunaye zuwa adireshin netwok, a wasu kwamfutoci don intanet ta yi sauri. Wani abokinsa ya ce masa ya cire kwamfutar daga domen, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin kamfani da asusun ma'aikata a ƙarƙashin kulawa ɗaya, ya mayar da ita, in ta ƙi ya yi mata fomat. Yana son ya san ko hakan zai yi.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko dai ka ajiye maganar fomat a gefe. Kwamfutar akanta ce, akwai fayilolin albashi da na haraji a ciki, kuma abin da ya same ta ba ya buƙatar a goge ko da fayil ɗaya. Cirewa daga domen ma ka dakata tukuna, zan gaya maka abin da ya sa. Na ji daɗin yadda ka kwafo saƙon da kwamfutar ta rubuta harafi da harafi, domin yawancin masu kirana cewa kawai suke "ta ƙi shiga", kuma wannan jimlar tana iya nufin cuta biyar ko shida mabambanta. Kai kuwa saƙonninka biyu sun riga sun nuna cewa matsala biyu gare ka, kuma duka biyun ka ambaci sanadinsu da bakinka a cikin tambayar.

Bari in fara da abin da ke faruwa lokacin da ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a kwamfutar da ke cikin domen. Kwamfutar da ke gabansa ba ita ke yanke hukunci ba. Asusunsa yana can a uwar garke mai riƙe da Active Directory, wato tsarin da Microsoft ya shigo da shi tun Windows 2000, kuma a wurinku uwar garken tana Abuja. Don haka sai kwamfutar ta fara tambayar DNS inda uwar garken take, sai ta sami hanyar isa gare ta, sai agogunan biyu sun yi daidai, sai ita kanta kwamfutar ta tabbatar wa uwar garken cewa 'yar gida ce, sannan a zo kan maganar kalmar sirrin mutum. Ƙa'idar da ake bi wajen wannan tantancewa ita ce Kerberos, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980. Duk inda aka sami tangarɗa a wannan jerin, abin da ma'aikaci zai gani ɗaya ne: ya rubuta kalmar sirri, an ƙi buɗe masa. Aikinka shi ne ka gano a wace ƙofa aka tsayar da shi.

Mu ɗauki ta akantan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ita ma kwamfuta tana da nata asusun a domen, da tata kalmar sirrin, wadda kai ba ka taɓa gani ba. Ranar da aka shigar da ita domen aka ƙulla wannan sirri tsakaninta da uwar garke, kuma bisa tsarin da Windows ke zuwa da shi, kwamfutar da kanta take sauya shi duk kwana 30 ta sanar da uwar garken. Saƙon da ka gani ma'anarsa ita ce sirrin da ke hannun kwamfutar ya saɓa da wanda ke rubuce a Abuja. Uwar garken ba ta ma kai ga duba kalmar sirrin akantan ba. Ita kwamfutar ce ba ta gane ba.

Yanzu ka tuna abin da ka yi. Ka kwafe faifan gaba ɗaya zuwa sabuwar kwamfuta, ka bar tsohuwar tana aiki a sito. Kenan kana da kwamfutoci biyu masu suna ɗaya, masu riƙe da sirri ɗaya, suna amsa asusu ɗaya. Makonnin farko babu wanda zai lura, domin dukansu gaskiya suke faɗa. Da lokacin sauyi ya yi, ɗaya daga cikinsu ta riga 'yar'uwarta, ta sauya sirrin, uwar garke ta rubuta sabon, ɗayar kuma aka bar ta da tsohon mukulli a hannu. Ga dukkan alamu ta siton ce ta riga, shi ya sa ta akanta ta faɗi. In ka gyara ta akantan yau ba tare da ka taɓa ta siton ba, gobe mai sito ne zai zo yana ƙwanƙwasa maka ƙofa, haka za su yi ta ƙwace asusun daga juna. Saboda haka kafin komai, je sito ka zare kebul ɗin netwok daga waccan kwamfutar.

Akwai wata magana da ake yawan yi cewa in kwamfuta ta yi wata guda a kashe, amincinta da domen zai karye. Ba haka abin yake ba. Tunda kwamfutar ce ke neman sauyin, in tana kashe babu abin da ke sauyawa, ranar da aka kunna ta za ta shiga da tsohon sirrinta sannan ta sauya. Abin da ke karya aminci shi ne irin naka, ko a maido da kwamfuta daga wani tsohon kwafi da aka ɗauka kafin sauyin, ko kuma wani a hedikwata ya goge asusunta ko ya sake saita shi yayin da yake share kwamfutocin da ya ɗauka sun daina aiki. Wannan na ƙarshen ya kamata ka tambaya a Abuja, kira ɗaya ne.

To yaya za ka shiga kwamfutar da ta ƙi kowa? Zare mata kebul, ka kashe Wi-Fi in tana da shi, ka ce wa akantan ya rubuta kalmar sirrinsa yadda ya saba. Windows yana ajiye shaidar waɗanda suka shiga kwanan nan, har guda 10 in ba a sauya adadin ba, don mutum ya iya aiki ko da uwar garke ba ta kusa. In kwamfutar ba ta ga netwok ba, da wannan ajiyar take aiki, kuma za ta buɗe. Wannan gwajin yana da amfani biyu. Akantan zai iya kwashe fayilolinsa masu muhimmanci nan take, kai kuma ka tabbatar kalmar sirrinsa ba ita ce matsalar ba. Bayan ya shiga sai ka mayar da kebul ɗin.

Gyaran kansa yana buƙatar ikon admin a kan kwamfutar. Nan ne nake so ka nutsu. Asusun admin na domen ba zai taimake ka ba muddin aminci a karye yake, sai dai in ya taɓa shiga wannan kwamfutar a baya kuma shaidarsa na cikin ajiya, shi ma sai kebul na zare. Hanyar da ta fi tabbas ita ce asusun admin na cikin kwamfutar, wanda ake shiga da shi ta hanyar rubuta ɗigo da karkatacciyar sanda kafin suna, kamar haka: .\Administrator, ko duk sunan da aka ba shi a wurinku. In ba ka da kalmar sirrinsa, tambayi hedikwata ko suna amfani da LAPS. Tsari ne da ke ba kowace kwamfuta kalmar sirrin admin tata daban ya ajiye ta a Active Directory, kuma tun Afrilun 2023 yana zuwa a cikin Windows ɗin kansa. Ka dai sani cewa tunda kwamfutoci biyu ke raba asusu ɗaya, mai yiwuwa kalmar da za su karanto maka ta kwamfutar siton ce, don haka in ta ƙi kada ka yi mamaki. Ka nemi wanda ya fara haɗa kwamfutar ya tuno wadda ya sa.

Wannan shi ne dalilin da na ce kada ka bi shawarar abokinka da gaggawa. Da zarar ka cire kwamfuta daga domen ka sake kunna ta, asusun domen ba za su ƙara buɗe ta ba, har da wancan ajiyar da ta cece ka ɗazu. In a lokacin ne ka gano ba ka san kalmar sirrin admin na ciki ba, ka kulle kanka a waje, fayilolin akanta a ciki. Garin neman gira an rasa ido kenan. Na taɓa zuwa wani ofis a Abuja inda aka yi haka da kwamfutar da ke riƙe da bayanan biyan 'yan kwangila, faifan kuma a kulle da BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai da mukullin sirri, ga shi wani ya riga ya goge asusun kwamfutar daga Active Directory don "a fara sabo". Mukullin ceto na BitLocker a ƙarƙashin wannan asusun yake zaune, ya tafi tare da shi. Da ba don an kunna kwandon dawo da abin da aka goge a domen ɗin ba, da bayanan sun tafi. Don haka ko a waya ka roƙi mutanen hedikwata kada su goge asusun, kuma su karanto maka mukullin BitLocker mai lambobi 48 ka rubuta shi a takarda kafin ka taɓa komai.

In ka sami shiga a matsayin admin, kebul yana jone, buɗe Windows PowerShell, tagar rubuta umarni, da ikon admin. Ka tabbata wanda ke zuwa da Windows ne, mai lamba 5.1, domin PowerShell 7 ba ya ɗauke da waɗannan umarnin kai tsaye. Rubuta

Test-ComputerSecureChannel

In ya amsa False, zatonmu ya tabbata. Sai ka rubuta

Test-ComputerSecureChannel -Repair -Credential KAMFANI\sunan_admin

inda KAMFANI yake sunan domen ɗinku, asusun kuma na wanda ke da ikon sake saita asusun kwamfutoci. Zai nemi kalmar sirri. In ba kai ke da wannan iko ba, wani daga Abuja ya shigo ta manhajar taimako daga nesa ya rubuta da kansa. Kada ka karɓi kalmar sirrin admin na domen ta WhatsApp, ko da shi ya ce zai turo. In wannan ya ƙi, akwai Reset-ComputerMachinePassword, shi ma da -Credential, kuma kana iya ƙara -Server ka ambaci sunan uwar garken. Da ya yi, sake kunna kwamfutar, akanta ya shiga, komai nasa yana nan yadda ya bari. Aikin minti biyar ne in hanya zuwa Abuja a buɗe take.

Ita kuma ta sito, tana nan kebul a zare, ka shiga da admin na ciki, ka fitar da ita daga domen, ka sauya mata suna, sannan ka jona kebul ka shigar da ita a matsayin sabuwar kwamfuta mai asusunta. Ka yi fitarwar kebul na zare, don kada ta taɓa asusun da yanzu ya zama na akanta shi kaɗai. Ni da zan ba ka shawara ma, tunda faifan cike yake da fayilolin akanta, kuma mai sito ba shi da hurumin ganinsu, wannan ita ce kwamfutar da ta cancanci a goge a zuba mata Windows sabo, bayan ka tabbatar komai ya koma sabuwar. Nan gaba in za ka kwafi faifai ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, ka shirya asalin kafin a shigar da shi domen, ka bi da shi ta Sysprep, manhajar Windows da ke shirya faifai don a kwafe shi, kowace ta sami sunanta. Wani abu kuma da za ka iya cin karo da shi: tun sabuntawar Oktoban 2022, Windows yana hana a shigar da kwamfuta domen a kan asusun da ya riga ya wanzu, sai in mai shigarwar shi ya ƙirƙiri asusun ko kuma manyan admin ne suka ƙirƙire shi. In ka ga ya ƙi da irin wannan dalilin, ba lalacewa ba ce, magana ce ta izini.

Sai matsalarka ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farkon muhimmanci, domin in ba ka gyara ta ba, shi kansa umarnin gyaran da na ba ka zai iya ƙin aiki. Ina nufin 8.8.8.8. Wannan DNS ɗin Google ne, ya san adireshin kowane shafi a duniya, amma bai san akwai wani abu mai suna domen ɗin kamfaninku ba, kuma ba zai taɓa sani ba, domin sunan a cikin gidanku kawai yake. Kwamfuta tana gano uwar garke ne ta hanyar tambayar wasu bayanai na musamman a DNS da ake kira SRV. In ta tambayi Google, zai ce babu wannan suna, ita kuma ta yarda, ta rubuta maka cewa babu uwar garken da za ta tantance ka.

Na san abin da za ka ce: ai na bar na kamfani a sama, na Google a ƙasa na sa shi. Wannan shi ya haifar da "wani lokaci su shiga, wani lokaci su ƙi". Windows ba ya tambayar na biyu don na farko ya ce bai sani ba. Yana komawa na biyu ne in na farko bai amsa a kan lokaci ba. Layinku zuwa Abuja ya ɗan yi nauyi na daƙiƙu kaɗan, kwamfuta ta juya ga Google, ta sami amsar "babu", kuma ta kan ɗan zauna a kan hakan kafin ta dawo. Ma'aikaci ya ga an hana shi, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa ta buɗe, sai a ce kwamfutar ce ke da taurin kai. Ƙa'idar ita ce kwamfutar da ke cikin domen ba ta ɗaukar kowane DNS sai na domen, sama da ƙasa. In ana son amfani da Google ko waninsa don shafukan waje, a uwar garken DNS ake sa shi a matsayin wanda za ta miƙa wa tambayoyin da ba na gida ba. Kuma gaskiya sauya DNS ba ya ƙara faɗin layi. In intanet ɗinku na jan ƙafa, a wani wurin matsalar take.

Ka je kan ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ka rubuta ipconfig /all, ka duba abu uku: adireshin kwamfutar, ƙofar fita, da layin DNS. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta sami mai ba ta adireshi ba sam, sai ka duba kebul, da suwic, da ko na'urar da ke raba adireshi ta tashi bayan an ɗauke wuta. In kuma ka ga adireshin da bai yi kama da na sauran ofis ba, misali 192.168.8 da wani abu, nemi ƙaramar na'urar MiFi ko rawuta da wani ya kawo daga gida ya jona. Wannan ya zama ruwan dare a ofisoshinmu. Layin ofis ya yanke, wani mai kyakkyawar niyya ya jona tasa don aiki ya ci gaba, ita kuma ta fara raba adireshi da DNS nata ga duk wanda ya tambaya. Laftof ma haka: kebul na ofis a jone, Wi-Fi kuma yana kan wayar mai ita, sai tambayar DNS ta bi ta wayar.

Bayan ka mayar da DNS daidai, rubuta ipconfig /flushdns don a zubar da tsofaffin amsoshi, sannan

nltest /dsgetdc:sunan.domen.ɗinku

In ya kawo maka sunan uwar garke da adireshinta, hanya ta buɗe. In ya ƙi, to ramin VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa Jos da Abuja ta cikin intanet, za ka duba. Kada ping, umarnin gwada ko wata na'ura na amsawa, ya ruɗe ka, domin uwar garke na iya amsa ping alhali an toshe ƙofofin da ake buƙata. Shiga domen yana bi ta ƙofa 53 ta DNS, 88 ta Kerberos, 389 ta LDAP mai neman bayanai a Active Directory, 445 ta raba fayiloli da manufofin rukuni, da 135 tare da wasu manyan lambobi da ke biye da ita. A PowerShell, Test-NetConnection da sunan uwar garken da -Port 88 zai gaya maka ko wannan ƙofar a buɗe take, haka za ka bi sauran. In ka samu ɗaya a rufe, ka kira hedikwata da lambar a hannunka. Mutumin da ya ce "ƙofa 88 ba ta amsawa daga Jos" ana saurarensa da sauri fiye da wanda ya ce "netwok ba ya yi".

Agogo kuwa, ko da ba shi ne ciwonka na yau ba, ka duba shi tun kana wurin. Kerberos ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke, in ba a sauya wannan iyaka ba, don kada wani ya naɗi saƙon shiga ya sake aika shi daga baya. A wurinmu abu biyu ke ɓata agogo. Na farko ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032, mai bolt 3. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu na hannu ne, sun yi shekaru kafin su iso, batirin ya gaji. Muddin akwai wuta a soket ba za ka gane ba, amma a kashe komai ranar Juma'a, inbata ta mutu cikin dare, Litinin kwamfuta ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Batirin ba shi da tsada, za ka same shi a shagunan kayan kwamfuta da na masu gyaran agogo a wajen Terminus ko titin Ahmadu Bello. Ka sayi da yawa ka ajiye a aljihun tebur. Na biyu shi ya fi ɓoyuwa. Laftof ta zo daga waje da yankin lokacin Landan ko na wani gari a Amurka, sai wani ya gyara awa da hannu har ta yi daidai da agogon bango, bai taɓa yankin ba. A ido lokaci daidai yake, amma Kerberos da lokacin duniya na UTC yake lissafi, don haka a wurinsa kwamfutar ta kauce da awa guda ko fiye. Namu shi ne UTC+01:00, wanda Windows ke kira West Central Africa. Ka fara gyara yankin, sannan ka rubuta w32tm /resync. Umarnin w32tm /query /source kuma ya kamata ya nuna sunan uwar garkenku. In ya nuna Local CMOS Clock, kwamfutar ba ta karɓar lokaci daga kowa.

Ranar da saƙon ya zama na "kalmar sirri ba daidai ba" kuma mai ita ya rantse daidai ya rubuta, ka yarda da shi, ka duba kibod. A tsarin Amurka, Shift da 2 yana ba da @, a na Ingila kuwa alamar zance yake bayarwa. Laftof ɗin da ta fito daga Faransa ko Beljiyam tana da A a inda muka saba ganin Q, lambobin sama ma sai an danna Shift. Ka sa shi ya rubuta kalmar ya danna alamar ido da ke gefen akwatin ya gani da kansa, kai ka kau da kai. Haka kuma wanda aka sauya wa kalmar sirri a hedikwata alhali laftof ɗinsa na gida, tsohuwar ce za ta ci gaba da buɗe masa har sai laftof ɗin ta ga uwar garke. Ya shiga da tsohuwar, ya haɗa VPN, ya kulle fuskar da maɓallin Windows da L, ya buɗe da sabuwar, shi kenan ajiyar ta sabunta. In kuma asusun wani yana kulle kansa kowace safiya, kusan kullum akwai wata na'ura da ke ta gwada tsohuwar kalma a ɓoye: imel a waya, Wi-Fi na ofis da aka ajiye a waya, ko abin da ke cikin Credential Manager, inda Windows ke ajiye kalmomin sirri. Mutanen Abuja su duba lamba 4740 a kundin tsaro na uwar garke, yana nuna sunan kwamfutar da kullewar ta fito. Lamba 4771 kuma tana faɗin dalilin ƙin: 0x18 kalmar sirri ce ba daidai ba, 0x12 asusun a kulle yake ko an dakatar da shi, 0x25 agogo ne.

Akwai maganar da nake so ka kai wa manajanku, ba yau ba, bayan ƙura ta lafa. Reshe guda cur a Jos yana dogara da uwar garken da ke Abuja ta layi ɗaya, duk ranar da layin ya yanke sabon ma'aikaci ba zai shiga ba, wanda ya manta kalmar sirri ba zai shiga ba, fayilolin da ake rabawa su tsaya. Tun Windows Server 2008 akwai uwar garke ta karatu kawai, RODC, wadda aka yi musamman don rassa irin naku inda babu ɗakin uwar garke mai tsaro sosai. Tana riƙe DNS a nan gida, tana tantance mutanen reshen da aka yarda ta ajiye shaidarsu ko da layin Abuja ya faɗi, kuma in aka sace ta ba a tafi da sirrin kamfanin gaba ɗaya ba. In ma'aikatanku sun kai goma sha wani abu, ni ina ganin ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a sa ta a kan inbata mai kyau. In ba za su iya ba, aƙalla a sami layi na biyu daga wani kamfanin sadarwa daban.

Gobe da safe ga yadda nake so ka jera aikin, don kada ɗaya ya ɓata ɗaya: kebul ɗin sito a zare, mukullin BitLocker a rubuce, DNS na kwamfutar akanta ya koma na kamfani, agogonta daidai, nltest ya ga uwar garke, sannan ka yi gyaran amincin. In Test-ComputerSecureChannel ya ƙi bayan duk wannan, turo mini abin da ipconfig /all da nltest suka rubuta, ka rufe sunan kamfanin da adireshin waje kafin ka ɗauki hoton, tare da duk wani saƙo mai lamba 5719 ko 3210 daga NETLOGON a kundin System na kwamfutar. Ka gaishe mini da akantan, ka ce masa fayilolinsa suna nan lafiya.